Baba ya faɗi gwajin ƙwaƙwalwa: gigin tsufa ne ko takunkumin likita?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar asibiti, don tun ranar Talata abin nan yake cin raina.

Mahaifinmu shekararsa 72. Shekara 28 ya yi yana aiki a wata masaƙa a Bompai kafin a rufe ta, yanzu daga masallaci sai majalisar ƙofar gida. Watannin nan Hajiya ta fara ƙorafin ya cika mantuwa. A gaya masa abu da safe, da yamma ya rantse ba wanda ya gaya masa. Sau biyu ya aiki yaro sayen katin wuta alhali an riga an saya. Da muka je ganin likitan hawan jininsa sai na ambata, shi kuma ya tura mu wajen wata likita ta yi masa gwajin ƙwaƙwalwa.

Ni na shiga da shi. Ɗakin ɗan ƙarami ne, fanka tana ta ƙara a sama, janareta a bayan taga, ga hayaniyar masu jiran layi a baranda. Likitar yarinya ce, sa'ar ƙanwata, mai ladabi ƙwarai, ba ni da abin cewa a kanta. Sai dai tana sanye da takunkumi mai kaurin nan da ke manne wa fuska, kuma dama muryarta a ƙasa take. Tun farko ta roƙe ni kada in sa baki, na ce to.

Ta ce za ta faɗi kalmomi biyar, ya maimaita, ya riƙe su, anjima za ta tambaye shi. Da kunnena na ji ta ce "shuka", Baba ya ce "kuka". Ta ce "tsani", ya ce "rani". Ta sake karanto su, ya sake faɗin nasa. Aka shiga wasu tambayoyi, ya zana agogo tsaf, ya faɗi sunayen dabbobin da ke hoto. Da ta dawo kan kalmomin nan sai ya ce: kuka, rani, kujera. Maki ɗaya ta ba shi. To ni a ganina mutumin nan ya riƙe abu uku, biyu daga ciki ne ba su isa kunnensa daidai ba.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne lissafi. Ta ce ya cire bakwai daga ɗari, ya yi ta cirewa. Baba ya ce 92, 84, 76, 68, 60, ko numfashi bai ja ba. Ku duba da kyau, takwas yake cirewa, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na buɗe baki zan yi magana sai na tuna alkawari.

Maki 17 cikin 30 ya samu. Ta ce akwai alamar gigin tsufa ya fara, mu dawo a yi ƙarin bincike. A Adaidaita muna komawa gida ya ce mini, "Yarinyar nan magana take kamar bakinta cike da tuwo." Na ce Baba me ya sa ba ka ce ta ɗaga murya ba? Ya ce shi ba zai yi ta ce wa 'yar cikinsa "na'am? na'am?" kamar wani kurma ba.

Tambayata: takunkumi zai iya jawo wannan? Ko dai ni ne nake neman inda zan raɓe don ba na son jin gaskiya?

Nas ɗin Dare ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa, ba ruɗin kanka kake ba, mun sha gani. Tun 2020 da korona ta shigo muka lura tsofaffin da a da muke hira da su lafiya lau sun koma sai "to, to" da gyaɗa kai. Ka ce a sha magani sau uku, a ce to, gobe ka tarar sau ɗaya aka sha. Ashe da yawansu da ido suke cike abin da kunne ya rasa, su kansu ba su sani ba sai da aka rufe bakin.

Amma kada ka ga laifin likitar. A ɗakin da mai tarin fuka zai iya zama kan kujerar nan kafin ku, ba za ka ce ta cire ba. Ni abin da nake yi in na ga tsoho yana wahala, sai in kashe fanka, in rufe taga, in matso da kujera. In abin ya ƙi, in sa masa abin awon ƙirjina a kunne, in riƙe bakinsa ina magana a hankali a ciki. Tsohuwar dabara ce, wata sista ta koya mini ina ɗaliba. Za ka ga fuskar mutum ta washe nan take.

Mai Shayin Kwana ya amsa:

Ni dai tun farko na faɗa, takunkumin nan toshe iska yake, iskar ba ta isa ƙwaƙwalwa. In Baba ma yana sanye da shi ai dole ya rikice. Allah ya kyauta.

Mai Awon Ji ya amsa:

Malam Mai Shayi, bari in fara da taka don gajeriya ce. An auna wannan. A wani asibitin tsofaffin sojoji a Miami ta Amurka, an sa wa likitoci masu lafiya da kuma masu tsananin ciwon huhu takunkumin asibiti, aka auna iskar da ke jininsu suna zaune, masu ciwon huhun kuma har bayan sun yi tafiya, ba a ga wani canjin a-zo-a-gani ba. Likitocin tiyata ma awa nawa suke yi da shi suna aikin da ba ya son kuskure? Abin da ya fi kusa da maganarka shi ne binciken David Smerdon na Jami'ar Queensland a 2022, wanda ya bi diddigin wasannin darar Turawa, wato ces, na dubban 'yan wasa. Ya ga takunkumi yana ɗan rage ingancin wasan manyan gwanaye a farkon zama, daga baya su saba abin ya wuce. Takura ce, ba ƙarancin iska ba. Kuma a nan ai ba Baba ne sanye da shi ba, likita ce.

Malam Ɗan Fagge, aikina ke nan, awon ji, kuma labarinka kamar a ɗakina aka yi shi. Zan ɗan tsawaita, a yi haƙuri.

Magana kashi biyu ce a kunne. Wasula, su a, i, u, suna da kauri da ƙarfi, su ne ke ɗauke da amon murya. Baƙaƙe irin su s, sh, ts, f, t, k, ƙ sirara ne, ba su da ƙarfi, amma su ne ke bambance kalma da kalma. Kunnen tsufa sirarin nan yake fara rasawa. Kunnen da ya sha ƙarar inji ma haka, yawanci daga wajen 4000 Hz ɓarnar take farawa (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, yawan lambar yawan sirantar). Mutumin da ya yi shekara 28 a tsakiyar injinan saƙa kuma ya kai 72, ya haɗa biyun ke nan. Irin wannan ba ya ce maka ba ya ji. Cewa yake mutane sun daina buɗe baki in suna magana.

To takunkumi ma daidai wurin nan yake dannewa. A 2020 Goldin da Weinstein da Shiman sun auna, suka ga takunkumin asibiti na yau da kullum yana rage sautukan da ke tsakanin 2000 zuwa 7000 Hz da desibel 3 zuwa 4 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), shi kuwa N95, wanda nake zaton shi ka gani, yana kai wa desibel 12. Don ka gane girman abin, ragin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an raba ƙarfin sauti biyu. Ga mai lafiyayyen kunne a ɗaki shiru, ba komai ba ne. Ga Baba, ɗan abin da ya rage masa ne aka kwashe. "Shuka" da "kuka" wasulansu ɗaya, baƙin farko kaɗai ya raba su. "Tsani" da "rani" haka. Ya ji "-uka", ƙwaƙwalwarsa ta cike gurbin da kalmar da ta fi kusa. Hausa ma ta ɗan taimake mu, domin karin sautinmu, hawa da saukar murya, a kaurin murya yake tafiya, yana ratsa ƙyalle ba wahala. Shi ya sa hirar gida ba ta cika gagarar sa ba, ga karin sauti ga kuma sanin abin da ake magana a kai. Amma kalma tilo, ba gaba ba baya, ba abin da zai kama.

Sai ido. Tun 1954 Sumby da Pollack suka nuna cewa ganin bakin mai magana yana ƙara fahimta matuƙa, musamman in akwai hayaniya. A 1976 McGurk da MacDonald suka haɗa muryar da ke cewa "ba" da hoton bakin da ke cewa "ga", mutane suka ce "da" suka ji. Wato ba sai kurma ne ke karanta leɓe ba, dukkanmu muna yi. "Bakwai" da leɓe a haɗe take farawa, "takwas" da leɓe a buɗe. Da ya ga bakinta, da wuya ya cire takwas.

Akwai na uku, wanda mutane ba su cika sani ba. Ko da mutum ya ji kalmar daidai, in da ƙyar ya ji ta, riƙe ta yana wuya. Patrick Rabbitt ya nuna haka a Ingila tun 1968: an karanta wa mutane lambobi cikin hayaniya, sun iya maimaita su daidai, amma da aka zo tunawa sai abin da suka tuna bai kai na lambobin da aka karanta a shiru ba. Ƙarfin da za a sa wajen ajiya ya ƙare a wajen saurare. A 2021 masu bincike a Jami'ar Tübingen ta Jamus sun gwada da takunkumi, suka ga matasa masu lafiyar kunne sun fi tuna jimlolin da aka faɗa musu da buɗaɗɗiyar fuska.

Daga yadda ka kwatanta, agogo da dabbobi da kalmomi biyar, gwajin MoCA aka yi masa, wanda Dakta Ziad Nasreddine ya tsara a Montreal ta Kanada. Maki 30 ne, ana ɗaukar 26 zuwa sama a matsayin lafiya. Ka lissafa: tuna kalmomi maki 5, maimaita lambobi 2, maimaita jimloli 2, buga tebur in an ji wani harafi 1. Maki 10 ke nan da ba a samun su sai an ji abin da aka faɗa dalla-dalla, ban da umarnin sauran tambayoyin, wanda shi ma da baki ake bayarwa. Jorgensen da abokan aikinta a 2016 sun ɗauki matasa masu lafiyar ƙwaƙwalwa, suka rage musu sauti yadda mai raunin ji yake ji, suka yi musu wani gwajin ƙwaƙwalwa da ake kira MMSE. Makinsu ya yi ta sauka gwargwadon yadda aka rage jin, har wasu suka faɗa sahun da za a ce suna da gigin tsufa. Saboda irin wannan ne aka fitar da nau'in MoCA na masu raunin ji, inda ake nuna umarni da kalmomi a rubuce.

Shawarata, kafin komai a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A leƙa kunnen tukuna, sau da yawa datti ne ya taru ya toshe, a wanke. Sannan a yi masa awon ji na sosai, wanda ake sa abin saurare a kunne a ɗaki shiru. Ka kuma gaya musu in an taɓa yi masa alluran gentamicin ko streptomycin da yawa, don suna taɓa kunne. In kana son ka gwada a gida yau, tsaya bayansa tazarar tsawon hannu, ka toshe masa kunne ɗaya da yatsa kana ɗan murzawa, ka fitar da numfashinka, ka raɗa lambobi uku. Ka yi wa Hajiya ma don ka kwatanta. Kada ka yi a gaban jikoki.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Ni shekarata 41, kuma tun ciwon sanƙarau da na yi ina yarinya kunnena na hagu ya tafi, na dama kuma da na'ura nake ji. Lokacin korona na daina zuwa banki ni kaɗai. Ma'aikaci yana bayan gilashi, baki a rufe, ni sai idanu nake gani suna motsi. Ranar da na fi jin kunya, an tambaye ni lambar wayata na ba da ranar haihuwata. Wallahi da a ranar aka yi mini gwajin nan da an ce na zautu.

Abu biyu zan roƙa. Don Allah a daina yi mana ihu. Ihu wasulan yake ƙara wa ƙarfi, maganar ta ƙara cakuɗewa, ga tozarci. A fuskance mu, a yi a hankali, in ba mu gane ba a sauya kalmar, kada a yi ta maimaita ta. Na biyu, in Baba ya samu na'ura, a kula da igiyar takunkumi mai rataya a kunne. Tawa ta taɓa fizge na'urar ta faɗi a kasuwar Rimi, da ƙyar wani yaro ya tsinto mini. Mai ɗaurawa a ƙeya ya fi.

Takunkumi mai tagar roba da ake cewa an yi don mu, ni ya taimake ni don ina ganin baki, amma muryar ta fi dusashewa a cikinsa, kuma yana yin gumi ya rufe.

Likitan Tsofaffi ya amsa:

Duk abin da Mai Awon Ji ya faɗa haka yake, har maganar takunkumi mai taga, an auna a Jami'ar Illinois an ga ya fi na asibiti danne sauti. Amma Malam, bari in ja ka baya kaɗan, kada murna ta yi yawa.

Ba takunkumi ne ya kai ku asibiti ba. Hajiya ce ta ga wani abu a gida, inda ba mai rufe baki. Na yarda rabin "ba a gaya mini ba" na iya zama "ban ji ba", musamman in daga kicin ake ƙwalo masa magana rediyo na kunne. Amma katin wuta fa? In shi da kansa ya ba da kuɗin farko sannan ya manta, wannan ba kunne ba ne. Ka bincika wannan a hankali. Ka kuma lura ko yana maimaita tambaya ɗaya bayan ya ji amsa har ya yi magana a kanta, ko yana rikicewa a raka'o'in salla fiye da da, ko ya taɓa ɓata a hanyar da ya sani.

Sannan raunin ji da gigin tsufa ba kishiyoyi ba ne da za a ce in wannan ne to ba wancan ba. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet, a rahotonsa na 2020 da na 2024, ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin gigin tsufa waɗanda ake iya magancewa, tare da hawan jini, wanda Baba yake da shi. Tsohon da ba ya ji yakan janye daga majalisa, ya rage hira, ya zauna shiru. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka fitar a 2023, ya ba tsofaffi na'urar ji na shekara uku. A jimlace ba a ga bambanci ba, amma a rukunin da suka fi haɗari an ga raguwar ƙwaƙwalwa ta yi sauƙi da kusan rabi. Don haka ko me gwaji na gaba ya nuna, kunnen nan a gyara shi.

Game da makin kansa, 26 ɗin nan an tsayar da shi ne a kan mutanen Kanada masu shekaru da yawa a makarantar boko. Ƙarin maki ɗaya da ake yi wa wanda bai wuce shekara 12 a makaranta ba bai isa ya cike wannan giɓi ba. Akwai gwaje-gwajen da aka tsara don tsofaffinmu, kamar IDEA da aka fara a Tanzaniya aka kuma gwada a Ibadan, wanda ake tambayar sunan mai gari, a ce ka jero dabbobi cikin minti ɗaya, ka kwaikwayi siffa da tsinken ashana. Shi ma yana da jerin kalmomin da ake karantowa, don haka sai an ji. Kuma duk waɗannan tacewa ce kawai. Ba a yanke wa mutum hukuncin gigin tsufa da takardar minti goma.

In kun koma, ka gaya wa likitar abin da ka gaya mana, da misalin 92, 84 ɗin nan. Ba za ta ji haushi ba. Ka roƙi a sake a wuri shiru bayan an duba kunne, kuma da wasu kalmomin daban, don MoCA yana da nau'i fiye da ɗaya saboda kada mutum ya haddace.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne sai da na samu abin faɗa, yau sati biyar ke nan.

Gwajin raɗa na fara yi da daddare. Hajiya ta faɗi lambobinta duka tana dariya. Baba a kunnen dama ya kama ɗaya, a hagu ya ce in fara mana, alhali na gama. A asibiti aka tarar hagun a toshe yake da datti, sai da aka yi kwana biyar ana ɗiga magani kafin a wanke. Awon ji kuma ya nuna duka biyun sun yi rauni a sirarin sautuka. Mai awon ya nuna mini takardar, layin yana tafiya daidai sai ya gangara kamar bakin kududdufi. Tambayarsa ta farko ita ce wane aiki Baba ya yi.

Mun koma wajen likitar. Da na ba ta labarin takwas ɗin nan sai ta jawo tsohuwar takardar, ta duba lambobin da ta rubuta da hannunta, ta riƙe baki ta cikin takunkumi. Ta ba mu ƙarfe takwas na safe kafin layi ya taru, ta kai mu wani ofis can ciki, ta kashe fanka. Ba ta cire takunkumi ba, amma ta sa mara kaurin, ta zauna dab da shi ta ɓangaren dama, kuma kowace kalma sai ta tabbatar ya maimaita ta daidai kafin ta wuce. Ya samu 23. Lissafin bakwai ya cinye shi duka, har yana ce mata ai da haka ta ce tun ranar.

Sai dai Likitan Tsofaffi, maganarka tana nan. Cikin kalmomi biyar da ya ji sarai ya kuma maimaita, biyu ya kawo. Ta ba shi alama ya ƙaro ɗaya, sauran biyun sun tafi. Katin wuta kuma na tambayi yaron, Baba ne ya ba shi kuɗin duka sau biyun. Ta rubuta gwajin jini, ta ce mu dawo bayan wata shida a sake aunawa a ga ko makin yana nan ko yana sauka.

Yanzu rigimar da muke ciki ta na'ura ce. Kuɗinta ba kaɗan ba, mun fara haɗawa da 'yan'uwa, amma shi ya ce ba zai sa abin kurame ya shiga masallaci ba. Maman 'Yan Biyu, in da hali ki gaya mini irin taki, da ko hula zanna tana rufe ta, don ta nan nake ganin za mu shawo kansa.